Nomau da Awon Biranen Tsofaffin Taurari

Ranar da wani baƙo ya zo rumfar Nomau a kasuwar Tungar Maiduma, rana tana tsaka, kasuwa ta cika. Yana tsayawa sai duk duman da ke jibge a gaban rumfar suka mirgina da kansu suka fuskance shi, kamar kaji sun ga mai tsaba. Nomau ya gani. Mai igiya da ke rumfar kusa da shi bai gani ba, yana ta cinikinsa. Daga nan Nomau ya san wannan ba mutum ba ne, amma da yake an yi masa sallama, sai ya amsa, ya shimfiɗa masa buzu.

Shi Nomau fafe duma ne sana'arsa, a gida ya tashi ya tarar ana yi. Ya fitar da ƙwarya, ya fitar da ludayi da gora, wadda ta tsage kuma a kawo masa ya ɗinke. Ba shi da yawan magana, ba shi da gaggawa. Su biyu mahaifiyarsu Inna Ige ta haifa, shi da wansa Jatau. To, damina biyu ke nan Jatau ya fita fadama yankan duma bai dawo ba. An bi rafi, an bi daji, an tambayi masunta da makiyaya, ba wanda ya ga ko takalminsa. Mutanen gari suka ce a yi masa sadaka a haƙura, Inna ta ce ita ba a kawo mata gawa ba.

Baƙon ya rinƙa zaro duma daga cikin hannun rigarsa, ɗaya bayan ɗaya, har takwas, ya ajiye a kan yashi. Ya ce a jera masa su, a fara da wanda ya fi mulmulewa, a ƙare da wanda ya fi tsawo. Nomau bai jera da ido ba. Kowanne sai ya ɗaga shi, ya juya shi ta ka, ya juya shi ta gefe, ya shafa, sannan ya ajiye a inda ya dace. Da ya gama sai baƙon ya gyara zama.

"Ya kai ɗan Adam, sunana Gwadabe, ni ɗan aiken Magajiya ne, wadda ke mulkin tsofaffin taurari. Wanka Jatau yana da rai. Yana wurinmu yana mana aiki, ya kuwa gaji. Shi ya ce a kira masa ƙanensa."

Nomau ya miƙe tsaye. Bai tambayi nisa ba, bai tambayi lada ba. Abu ɗaya ya tambaya, ko za a bar shi ya dawo da wansa gida. Gwadabe ya ce gorar da za ta kai shi ita ce ke komowa da mutane, kuma ba ta taɓa ɓatan hanya ba. Nomau ya ɗauka an ba shi amsa. Ya bar wa mai igiya rumfa, ya biya gida, ya durƙusa ya gaya wa Inna. Ta ce ya tafi, Allah ya tsare, amma su shigo mata gidan nan su biyu.

A bakin fadama suka tarar da gorar, irin wadda masunta ke kifa ciki a kai su ratsa ruwa, sai dai wannan ta kai rumbu girma. Gwadabe ya ce ya kifa ya rungume ta. Yana rungumewa fadama ta yi ƙasa, gari ya yi ƙasa, shuɗin sama ya tsage kamar tsohon zane suka fita ta wurin. Nomau ya waiwaya ya ga rana ta ƙanƙance, ta koma ƙwayar gero a cikin 'yan uwanta, har ya kasa gane wacce ce ita. Da suka ƙara nisa sai ya ga ashe duk taurarin da ya sani tun yana yaro, da waɗanda bai sani ba, gari ɗaya ne, shimfiɗe kamar faifan da ake cikin saƙawa, bakinsa bai gama rufewa ba. Gwadabe ya ce masa wancan shi ne birninsu na 'yan Adam, kuma irinsa suna nan birjik a gaba.

Daga nan suka shiga wani fili da babu komai a cikinsa sai sanyi. Gwadabe ya gargaɗe shi cewa sanyin nan ba jiki yake ci ba, tunani yake ci. Duk wanda ya ratsa shi bakinsa a rufe, zai fita bai san abin da ya kawo shi ba. Maganinsa shi ne mutum ya riƙa kiran sunan wanda ya fito dominsa, kada ya tsaya. Nomau ya fara, "Yaya Jatau, Yaya Jatau." Ya manta sunan garinsu, ya ci gaba da kira. Ya manta fuskar Inna, ya ci gaba. Leɓɓansa suka tsage, harshensa ya yi nauyi, har nasa sunan ya kuɓuce masa, amma na wansa bai kuɓuce ba. Da suka fita sai sauran abubuwan suka riƙa komo masa ɗaya ɗaya, kamar awaki da yamma.

Suka iso wani birni mai siffar faifai, ya cika da hayaƙi da ƙura da hayaniya, kamar gidan da ake suna kullum. A nan ake haihuwar taurari. Aljanun wurin mata ne, ungozomomi, suna cuɗa hayaƙin nan da hannu har ya dunƙule ya kama wuta, sai ga jariri fari tas mai ɗan shuɗi, haskensa ba ya kalluwa. Suka tare gorar suka ce ba mai wucewa sai ya yi musu aiki. Babbar cikinsu ta kawo ƙwaryar da suke wa jarirai wanka, ta tsage tun daga baki har gindi. Nomau ba shi da zare, sai ya warware bakin rigarsa, ya huda da ƙaya, ya ɗinke tsagar a hankali har ba ta ɗiga. Babbar ta duba, ta yaba, ta tambaye shi wa ya kira shi zuwa ƙasar tsofaffi. Ya ce wansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta kalli Gwadabe, Gwadabe ya kalli wani wuri. Ta buɗe musu hanya.

Gaba kaɗan hanya ta bi ta tsakiyar birane biyu da suka yi karo. Nomau ya ce a kewaye, Gwadabe ya ce ba makewaya. Suka kutsa. Abin kamar garke biyu ne suka haɗu a burtali, kowanne yana neman wucewa ta cikin ɗan uwansa. Ba tauraron da ya bugi wani, don tsakaninsu da tazara, amma hannayen biranen, wato layukan taurarin da suka nannaɗe kamar saƙar faifai, duk sun warware, an ja su sun zama dogayen wutsiyoyi, hayaƙin biranen biyu kuma ya haɗu ya kama wuta gaba ɗaya. Zafi ya babbake wa Nomau gashin hannu, gora ta riƙa juyi da shi kamar ganye a ruwan tsakiya, shi dai ya ƙanƙame. Bayan sun fita Gwadabe ya ce masa, ai haka ake tsufa a nan. In birane suka ci juna, abin haihuwarsu yakan ƙone a lokaci ɗaya, saƙarsu ta warware, su narke su zama dunƙule guda. Daga nan ba sauran jariri.

Haka suka shiga ƙasar tsofaffi. Shiru ne ya fara tarbar su. Biranen nan ba su da hannu, ba su da layi, ba ƙura ba hayaƙi, sumul kamar duman da aka kankare. Tsakiyar kowanne tana da haske, yana raguwa zuwa gefe, har mutum ya kasa cewa ga inda birni ya ƙare. Launinsu ja-ja ne mai rawaya, irin na garwashin da ya fara kwanciya. Taurarin ciki kuma ba zagaye ɗaya suke bi ba, kowanne da tasa hanyar, kamar zuma a bakin amya. Akwai ƙanana da ba su fi unguwa ba, akwai manya, a tsakiya kuma akwai wani da ya fi su duka, sauran suna kewaye da shi nesa nesa. Wannan shi ne na Magajiya.

Gora ta sauka a kan wani faffaɗan dutse da ke tsaye shi kaɗai a sarari. A kan dutsen akwai wani ƙaton duma da aka cika jikinsa da zane, a gindinsa kuma wani mutum yana zaune, ya rame, suma ta rufe masa kunnuwa. Nomau ya sauka da gudu ya faɗi a gabansa. Jatau ya ɗago shi ya rungume, suka yi kuka. Ya tambayi Inna, Nomau ya ce tana nan, ta hana a yi sadaka. Jatau ya sunkuyar da kai.

Sai ya shiga nuna masa aikin, da sauri da sauri. Ya ce tsofaffin biranen nan gardama ce ta hana su sakat, kan wa zai zauna gaba a fadar Magajiya. Sun yarda mulmulalle shi ne babba, dogo shi ne ƙarami, amma ba wanda ke iya ganin siffar kansa, ba kuma wanda ya yarda da shaidar maƙwabcinsa. Shi ya sa suka ɗauko ɗan Adam mai sanin duma. Ya nuna masa wani kara mai gaɓa goma. Ana miƙa shi a gaban ido, a matso da shi ko a nesanta shi har ya rufe tsawon birni daidai, sannan a gicciya shi a kan faɗin birnin a ƙirga gaɓa nawa suka yi saura. Wanda bai bar saura ba shi ne mulmulalle, shi ke gaba. Mai saura ɗaya yana bin sa, sai mai biyu, mai uku kamar ƙwan zabuwa, haka har mai bakwai, siriri kamar ƙwallon dabino, shi ke bakin ƙofa. Ba a taɓa ganin mai takwas ba. In an auna sai a zana a jikin babban duman.

Nomau yana ta gyaɗa kai, hankalinsa yana kan yadda wansa ya rame. Ya ce, "Yaya, mu tafi gida. Sauran bayanin ka yi mini a hanya."

Jatau ya ce to. Ya miƙe, ya zaro wuƙar da yake zanen da ita. Wuƙar mahaifinsu ce ta fafe duma, wadda ta zama tasa da yake shi ne babba. Ya miƙo ta, ya ce, "Riƙe mini wannan in gyara ɗamarata."

A gidansu in babba ya miƙo kayan aiki, ƙarami ba ya tambayar dalili. Durƙusawa yake yi ya karɓa da hannu biyu. Haka mahaifinsu ya koya musu, haka Nomau ya yi. Ƙotar tana shiga tafin hannunsa ya ji ta yi ɗumi kamar mai rai. Ya ɗago kai, sai ya ga Jatau a kan gora, ya kifa ciki, Gwadabe yana gefensa. Ya kira shi, "Yaya." Gora ta ɗaga. Ya sake kira, ya bi ta har bakin dutse. Ya tsaya yana kallon bayan wansa yana ƙanƙancewa har ya ɓace.

Yana nan tsaye sai dutsen ya yi ja. Wata tsohuwa ta bayyana, tsayinta ya kai giginya, fuskarta kamar an jera garwashi, tana magana a hankali kamar mai ƙirga kalmominta.

"Ya kai ɗan Adam, ni ce Magajiya. Dokarmu ita ce, aikin awo na wanda wuƙa ke hannunsa ne. Ba ya barin dutsen nan sai an wayi gari ba birni ko ɗaya da ke ƙorafi, ko kuma wani na jininsa ya karɓi wuƙar da hannunsa. Wancan ya tafi. Kai ne ma'aunin yanzu."

Nomau ya durƙusa ya ce, ranta ya daɗe, shi ba aiki ya zo ba, ɗan uwansa ya zo ɗauka. Ta ce ita ba ta san abin da ya kawo shi ba, ta san abin da ke hannunsa. Sannan ta gaya masa abin da Jatau bai gaya masa ba. Wai akwai wani birni da Jatau ya auna ya ce mulmulalle ne, aka zaunar da shi gaba. Maƙwabtansa da ke ganinsa ta gefe suka rantse dogo ne kamar taɓarya, kansa ne kawai ya fuskanto dutsen. Daga nan kowa ya ce bai yarda da nasa awon ba. Biranen kuwa dubbai ne. Ta gama ta ɓace.

Nomau ya zauna a gindin duman. Ba dare ba rana a wurin, don haka bai san iya zaman da ya yi ba. Ya riƙa nema wa Jatau hanzari. Wataƙila Gwadabe ne ya fizge shi ya ɗora a gorar. Wataƙila bai san dokar wuƙar ba, ɗamarar ce da gaske ta kwance. Wataƙila ma ya waiwayo, hawaye ne suka hana shi, Nomau, gani. In ya gama jera waɗannan sai ya tuna saurin da Jatau ya yi wajen koya masa awo, sai ya koma farko. Ya tuna yadda ya ratsa sanyin nan yana kiran sunansa. Ya tuna lokacin da suna yara Jatau yake goya shi su ƙetare rafi. Duka biyun gaskiya ne, ya rasa inda zai ajiye su.

Da kuka ya ƙare sai ya ɗauki karan, don hannunsa bai saba zama ba. Ya auna birni, ya auna wani. Ya tarar awon Jatau daidai ne gaɓa da gaɓa, bai yi ha'inci ba. Kuskurensa shi ne wanda mahaifinsu ya sha yi masa faɗa a kai, ya kalli duma yana kwance ya yanke masa hukunci bai ɗaga ba. Amma a nan wa zai ɗaga? Da Gwadabe ya dawo da gora ba kowa a kai, Nomau ya roƙe shi ya kewaya da shi birni ɗaya kawai, ya gan shi ta baya. Gwadabe ya ce hanyoyin da gora ta sani tsakanin birane suke, ba ta san kewaye ba. In kuwa a ƙafa ne, jikokin jikokinsa ma ba za su kai kusurwa ta farko ba. Nomau ya tambaye shi ko wansa ya isa lafiya. Ya ce ya isa.

Ya ci gaba da awo har ya gama da duk biranen da ido ke kaiwa. Yana yi yana tunani, irin tunaninsa mai tafiya a hankali. Ranar da ya auna na ƙarshe, in rana za a ce, sai ya ce wa Gwadabe a gaya wa Magajiya yana neman a tara masa kowa.

Suka zo. Kowane birni ya aiko tsohonsa, suka cika sararin da ke kewaye da dutsen, jajaye, ba mai ko tari. Magajiya ta tsaya a gaba. Nomau ya durƙusa, ya yi magana.

"Ranki ya daɗe, a gida in aka ba ni duma, juya shi nake yi. A nan ba ni da hannun da zai juya birni, ba ni da shekarun da zan kewaye shi. Abin da zan iya rantsuwa a kansa shi ne yadda kowane birni yake daga kan dutsen nan. Wanda na gani dogo, dogo ne, wataƙila ma ya fi yadda na gani. Wanda na gani mulmulalle, Allah kaɗai ya san bayansa."

Magajiya ta sunkuyo har zafin fuskarta ya taɓa goshinsa. "Har da nawa, ɗan Adam?"

"Har da naki, ranki ya daɗe."

"Ka san birane nawa na haɗiye kafin in kai girman nan? Dutsen da kake kai bai kai loma ba."

Nomau ya ƙara damƙe wuƙar. Ya ce bai sani ba, kuma ya san ba shi da ƙarfin hana ta komai. Amma ko ta haɗiye shi, wanda za a kawo bayansa a kan dutsen nan zai tsaya, ido biyu gare shi, abin da ya gani shi zai gani. Ya roƙa a bar matakan nan takwas yadda suke, daga marar saura har mai bakwai, sai dai a sanar da kowa cewa awon gani ne daga wuri ɗaya, ba awon asali ba. Na gaba ya zauna gaba ba tare da ya yi wa kowa gori ba, na baya ya zauna baya ba tare da an ce ya fi kowa ƙasƙanci ba.

Can sai wani tsoho daga bakin ƙofa, na wani birni mai saura bakwai, ya ce shi ya yarda, tunda dai yanzu an san na gaban ma ba su da tabbas. Wani daga gaba ya ce shi ma ya yarda, tunda ba a tashe shi daga wurinsa ba. Maganar ta bi layi har ta zagayo. Magajiya ta miƙe tsaye, ta ce ta tsufa da jin gardamar nan, kuma ba a taɓa gaya mata a fuska cewa ba a san bayanta ba. Ta umarce shi ya sa alama. Nomau bai iya rubutu ba, sai ya hau kan babban duman ya zana ido guda ɗaya a samansa, yadda duk mai duba zanen zai fara cin karo da shi.

"Ka fita, ɗan Adam," in ji Magajiya. "Amma ka sani, birane ba su daina cin juna ba. Duk ranar da aka sami sabon tsoho, za a zo neman mai wuƙar nan, ko gobe, ko bayan ka yi furfura. Ba mu yi alkawarin za ka sake fita ba. Tana wuyanka har sai wani na jininka ya karɓa."

Nomau ya yi godiya. Har ya kifa a kan gora sai ya ɗago, ya ce yana da tambaya ɗaya. Shin wansa ya san dokar wuƙar lokacin da ya miƙo masa? Magajiya ta ce wannan ba ya cikin abin da suke aunawa. Ya juya wajen Gwadabe, Gwadabe ya ce shi ɗan aike ne, saƙo yake ɗauka, ba zuciya ba.

Da hantsi gora ta ajiye shi a bakin fadama. Duman da ya bari suna fure sun bushe a kan yabanya, wato damina ta wuce. Ya bi hanya ya shiga gida da sallama. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe, rariya ta faɗi daga hannunta. Ta kama fuskarsa tana shafawa. Jatau ya fito daga ɗaki, ya yi ƙiba, an yi masa aski. Ya tsaya cik, sannan ya taho ya rungume Nomau yana kuka. Ya ce aljanun nan ba su da amana. Wai yana cikin gyara ɗamara suka ɗauke shi, ya yi ta roƙo a koma a ɗauko ƙanensa suka ƙi. Ya ce har yau bai san dalilin da ya sa suka riƙe Nomau ba. Inna ta ce haka ya gaya mata tun ranar da ya dawo, kullum da kuka.

Nomau ya ji maganar ta shige shi kamar ruwan sanyi. Abin da ya yi ta fata ke nan a kan dutse. Ya so ya bar ta haka. Amma ya san in ya bari, duk ranar da suka sa hannu a akushi ɗaya sai tambayar ta zauna a tsakaninsu. Sai ya zaro wuƙar, ya durƙusa, ya miƙa ta da hannu biyu. Ya damƙe ta da kyau, don ya ƙudura cewa da zarar wansa ya miƙo hannu zai janye, ya gaya masa komai, ya nemi gafararsa.

"Yaya, ga wuƙar Baba. Ka ce in riƙe maka."

Jatau ya kalli wuƙar. Hannayensa suka koma bayansa, ɗaya ya kama ɗaya.

Nomau bai tashi ba. Ya ƙara miƙa ta kaɗan, yana kallon fuskar wansa, yana roƙo a zuciyarsa Allah ya sa ya miƙo hannu. Jatau ya ce ya bar ta a wurinsa tukuna, ai ya sha hanya, a ba shi ruwa. Inna ta dube su, ta ce wannan wane irin abu ne, yaro ya durƙusa da kayan ubansu an bar shi a ƙasa. Ta goge hannunta a zane ta matso. "Kawo nan in ajiye, in shi ba ya so."

Nomau ya janye, amma kafin ya janye Jatau ya riga ya tare ta da jikinsa.

"Inna, kada ki taɓa ta."

Inna ta tsaya da hannunta a miƙe. Ta kalli Jatau, ta kalli Nomau da ke durƙushe, ta sake kallon Jatau.

"Don me?" in ji ta.

Jatau ya kawar da kai. Kaji suna ta tsattsagar garin da ya zube daga rariya, ba wanda ya kore su.

Nomau ya miƙe a hankali. Ya soke wuƙar a ƙugunsa, ya ja riga ya rufe. Ya ce wa Inna zai je fadama ya kwaso duman da suka bushe kafin gara ta shiga, ba zai daɗe ba. Ya ɗauki buhu a bakin ƙofa. Da ya zo wucewa ta gaban wansa sai ya ɗan rusuna, kamar yadda ya saba, amma bai kira sunansa ba.